Wata Bakwai Ina Kwafar Rubutun Kaina

Ba littattafan na je nema ba. Wata tsohuwar takarda ce ta ɓace mini, na birkice ɗaki ban gan ta ba, daga ƙarshe na durƙusa na jawo kwalin da ke can ƙuryar ƙarƙashin gado. Ina ɗaga murfin, warin danshi ya doki hancina. Littattafan rubutuna ne, guda goma sha huɗu. Na farko na 2009 ne, na ƙarshe kuma ya tsaya a tsakiyar 2019, rabin shafukansa babu komai. Ukun da ke can ƙasa sun ji jiki. Bangonsu ya manne da shafin farko, 'yar wayar ƙarfen da aka ɗinke tsakiyarsu da ita ta yi tsatsa har ta ci takardar, ga baƙin tabo nan birjik a gefe-gefe. Takardar da na je nema kuwa har yau ban same ta ba.

Ni ba marubuci ba ne irin wanda ake nufi in an ce marubuci. Ban taɓa buga littafi ba, ba kuma wanda ya taɓa biyana don na yi rubutu. Abin da nake yi ke nan dai a lokacin da abokaina suke kallon ƙwallo. A cikin littattafan nan akwai abin da ya faru a yini, da hirar da na tsinta a bakin mutanen da ban sani ba, da gajerun labarai da yawancinsu ba su kai ƙarshe ba, da waƙoƙin da ko da wuƙa a wuyana ba zan karanta wa kowa ba. Akwai kuma jerin kalmomin da na ji suka burge ni, kusa da lissafin bashin da ake bina.

Abin da ya tsayar da na goma sha huɗun waya ce. Tun da na sami babbar waya, littafi ya koma bora, ita ta zama mowa. Kana kwance cikin duhu za ka yi rubutunka, ka gyara, ka ɗora a Facebook, kafin barci ya ɗauke ka mutum goma sun ce wani abu a kai. Littafi kuwa ka shekara kana zuba masa magana ba zai ce maka uffan ba. Haka na yi shekara huɗu ban riƙe biro ba sai in zan sa hannu a takarda. Ranar da na ga abin da danshi ya yi, a watan Maris na 2023, na ƙudurta zan kwashe komai in zuba a kwamfuta. A lissafina aikin wata ɗaya ne.

Makon farko ko madannai ban taɓa ba, jinya na yi. Na baje littattafan a inuwa inda iska ke kaɗawa, don zafin rana kai tsaye yana sa takarda ta kanannaɗe ta yi ƙarau. Tsakanin shafukan da suka jiƙa na riƙa sa farar takarda tana tsotse danshin, in ta yi sanyi in canza wata. Da suka bushe na danne su da abu mai nauyi kwana uku. Shafukan da suka manne da juna su suka fi ba ni wahala. Na farko da na yi wa gaggawa, ina ja sai fatar takardar ta ɗaye ta tafi da layi huɗu. Daga nan na koyi zura bakin siririyar wuƙa a hankali, in ya ƙi in bar shi sai gobe. Wayoyin da suka yi tsatsa na ɓanɓare su duka, na sake ɗinke littattafan da allura da zare.

A nan na fara lura da abin da ban taɓa damuwa da shi ba, wato da me na yi rubutun. Duk inda na yi amfani da biro na gama-gari, rubutun yana nan daram, ko da takardar ta yi tabo. Tawadarsa mai kauri ce, mai maiƙo, ruwa ba ya narkar da ita da sauƙi. Fensir ma bai gushe ba, don abin da ke cikinsa garin girafayit ne da yumɓu, ba ya narkewa, ba ya koɗewa, sai dai ya goga a shafin da ke kallonsa ya yi duhu-duhu. Wanda ya ci amanata shi ne alƙalamin da na fi ji da shi, wani mai tawadar ruwa da na yi yayinsa a 2012 saboda yana sulɓi a kan takarda. Shafi kusan ashirin sun koma shuɗin gajimare, sai kalma ɗaya nan, ɗaya can. Wannan ne ya sa na je na karanta tarihin biro, ashe ma sunan mutum muke kira kullum ba mu sani ba. Laszlo Biro ɗan jarida ne ɗan ƙasar Hungariya, wanda ya lura tawadar buga jarida tana saurin bushewa ba ta ɓata takarda, shi da ɗan'uwansa masanin sinadarai suka haɗa alƙalami mai ɗan ƙwallo a baki da zai iya jan tawada mai kauri. A 1938 ya yi masa rajista, daga baya ya koma Ajantina. Ita kuma takardar da ta yi ja ta fara karyewa, laifin arharta ne: da niƙaƙƙen itace aka yi ta ba a cire sinadarin liginin ba, shi ne iska da haske suke mayar da shi ruwan ƙasa.

Sai lambobi. Na rubuta 1 zuwa 14 a bangon kowanne, na bi shafi-shafi da fensir ina sa lamba a kusurwar ƙasa. Masu rubutu a jiki sun kama 1,212. Da na ga adadin na san maganar wata ɗaya ta sha ruwa. Jera su bisa shekaru ma sai da ya zama bincike, don yaron da ya yi rubutun bai ɗauki kwanan wata a bakin komai ba. Sai ya rubuta "Talata da dare" ya wuce abinsa. Wace Talatar? Littafi biyu ɗungurungum ba shekara a jikinsu. Da alamomi na gano su: ambaton wata jarrabawa da na san shekarar da na zauna ta, da inda na ce ƙanwata ta fara famfarar haƙori, da yadda hannuna ya riƙa kwanciya zuwa dama a hankali har ya zauna yadda yake yau. In akwai abin da nake jin haushin kaina a kai, to wannan ne. Rana da wata da shekara, daƙiƙa biyar ba su cika ba, amma ƙyuya ta hana.

Kafin in fara bugawa na ɗauki hoton kowane shafi, don in wani abu ya sake samun takardar kada in tashi a tutar babu. Kusa da taga na riƙa yi da safe, waya a saitin shafin sosai, ba tare da fitilarta ba, domin hasken fitila yana sa rubutun fensir ƙyalli har ya ɓace. Kowane hoto na ba shi suna da lambar littafi da ta shafi, misali L03-047. Wannan ɗan tsarin shi ya cece ni daga baya, za a ji yadda aka yi. Sai kuma na ce bari in yi wayo. Akwai manhajojin da ke karanta rubutu daga hoto su mayar da shi bugagge, na ce ai shi ke nan, an gama. Dare biyu na yi ina gwadawa. Manhajar ta ga ɓ ta ce 6 ne, ta ga ɗ ta raba shi gida biyu, ƙ kuwa wani lokaci k, wani lokaci R. Inda na soke kalma na rubuta wata a samanta sai ta cakuɗa su ta haifi kalmar da ba ta cikin kowane harshe. Gyaran shafi ɗaya ya fi buga shi daga farko cin lokaci. Ban ga laifinta sosai ba, ni kaina wani wurin sai na ƙura ido kafin in gane abin da na rubuta.

Haruffa masu ƙugiya sun ci mini kwanaki, kuma ban yi da-na-sani ba. A takarda ba ka ma san kana yin su ba, hannu ne ke lanƙwasa kan harafin ya wuce. A waya kuwa shekara huɗu na yi ina watsar da su, ina cewa ai mai karatu zai gane. Yakan gane ɗin, amma kwamfuta ba ta ganewa. Wurinta baki daban, baƙi daban, haka kafa da ƙafa, haka bari da ɓari. In ka buga rabin rubutunka da ƙugiya rabi babu, ranar da ka nemi kalma rabin kawai za ta kawo maka. Akwai kuma wani tsohon darasi da na tarar a cikin filashi: wasu shafuka da na taɓa bugawa tuntuni da wani salon haruffa na musamman, wanda ya ari gurbin wasu alamomi ya zuba ƙ da ɗ da ɓ a ciki. A kwamfutar da ke da salon, komai lafiya. A tawa ta yanzu kuwa duk inda ƙ take sai wata alama ta fito tsuru. Maganin wannan shi ne tsarin Unicode, wanda ya fara fita a 1991, inda kowane harafi yake da lambarsa ta kansa da ba ta canzawa ko a wace na'ura. Ta ƙ ita ce U+0199, ta ɗ U+0257, ta ɓ U+0253. Ba sai ka haddace su ba. A waya, in ka ƙara Hausa cikin harsunan madannai, ka danne k ka ɗan riƙe, ƙ za ta fito. A kwamfuta na sa tsarin madannan Hausa, na yi kwana uku yatsuna suna tuntuɓe, daga nan suka saba. Na kuma zaɓi ajiye komai a fayil na zallar rubutu, mai ƙarewa da .txt, littafi ɗaya fayil ɗaya, don irinsa kowace na'ura tana buɗewa, ba ya jiran wata manhaja ta musamman.

Littafi biyu da rabi na buga ni kaɗai, shafi shida zuwa takwas kowane dare. Wuya ya riƙa ciwo saboda kai-komon ido tsakanin takarda da allo. Autarmu, wadda ta zo hutu, ta gan ni ina fama ta ce ta karɓi karatun, ni in ji da bugun. Aiki ya ninka sauri. A dare na biyu muna cikin littafi na uku, na 2011, ta karanto wani layi: "Yau na yi baƙin ciki sosai sosai kuma ban san dalili ba." Yatsuna suka yi abin da suka saba. Ta yi shiru, na ɗauka numfashi take, ashe allon take leƙe.

"Yaya, ba haka na karanta ba fa."

Na duba. Abin da na buga shi ne: "Yau zuciyata ta wayi gari da nauyi, ban kuma san wanda ya ɗora mata kayan ba."

Na ce, "Ai ma'anar ɗaya ce, Auta."

Ta ce, "To in ɗaya ce, me ya sa ka canza?"

Na ce gyara ne kawai. Ta ce ita dai a saninta kwafa muke yi, in kuma sabon littafi nake rubutawa in faɗa mata ta je ta kwanta. Na yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Bayan ta tafi na buɗe hotunan littafi na ɗaya na jera su da abin da na buga. Kusan babu shafin da ban sa hannu ba. Inda yaron ya maimaita kalma na rage. Inda ya yi zagi na sassauta. Wani wuri da ya yi kuskuren fahimtar wani mutum, wanda sai bayan shekaru na gane gaskiyarsa, na saka masa "wataƙila" a baki, alhali shi a lokacin ba ya shakkar komai. Kuma wallahi ban san ina yi ba. Garin gyaran gira na kusa rasa ido. Mai shekara goma sha tara da ya rubuta "sosai sosai" iyakar abin da yake da shi ke nan, kuma da gaske yake. Jimlar da na musanya masa ta fi kyau, amma ta mutum mai shekara talatin da ɗaya ce da ya san ana kallonsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na riga na ɗora guda uku a intanet, da taken wai daga tsohon littafina na 2010. Mutane suka yi ta yabo, ana cewa ashe tun ina yaro alƙalamina yake da kaifi. Na karɓi yabon kuwa hannu bibbiyu. Kwana biyu ina juya abin a raina, sannan na koma ƙarƙashin kowanne na ɗora hoton ainihin shafin, na ce ga yadda yake, wancan gyararre ne. Waɗanda suka kula ba su kai rabin masu yabon farko ba. Mutum ɗaya ya ce shi na asalin ya fi so, ban sani ba ko don ya kwantar mini da hankali ne.

Sai na koma farko. Mako uku na yi ina warware gyaran da ba wanda ya sa ni, hoto a hagu, rubutu a dama, kuma a nan ne sunayen nan irin su L03-047 suka biya wahalarsu. Na kafa wa kaina ƙa'ida, na rubuta ta a 'yar takarda na manna a gefen allon. Abin da ke shafi shi za a buga, har kuskuren rubutu. Kalmar da na soke a da ba za a yar ba, za a sa ta cikin baka biyu a rubuta "soke" a gabanta. Inda ruwa ya cinye ko hannu ya ƙi karantuwa, ɗigo uku, ba cike gurbi da ka. In kuma bakina yana ƙaiƙayi dole sai na yi magana, to in sauka sabon layi in sa kwanan watan yau in faɗi abin da zan faɗa, kowa ya tsaya a shekararsa. Wanda yake son gyara ya kwafi fayil ɗin ya kai wata jaka daban, can ya yi yadda ya ga dama.

Kalmomin da aka soke su ne suka zama abin da na fi so a aikin gaba ɗaya, abin da ban taɓa zato ba. A littafi na biyar akwai farkon wani labari da na rubuta sau huɗu a shafi ɗaya, ina sokewa ina sakewa. Da na jera su sai na ga na biyun ne mai rai. Na ukun ya fara ado, na huɗun kuwa, wanda na bari, ya sha kwalliya har ba a gane fuskarsa. Da a waya na yi wannan, na huɗun kaɗai zai rage, kuma zan rantse shi ne mafi kyau tun da shi ne na ƙarshe. Na san wasu manhajojin suna ajiye tarihin gyara, Facebook ma yana nuna abin da aka canza bayan an ɗora. Amma gogewar da kake yi kana cikin rubutu, ka buga kalma ka share kafin ka kai aya, wannan ba inda take zama. A takarda kuwa layi ɗaya ka ja, gawar tana nan kwance kowa yana gani. Har yanayin hannu yana ba da labari. Akwai shafukan da biro ya huda takarda don tsabar dannawa, akwai inda layi ya fara gangarowa ƙasa, ka san barci ne ya zo. Wannan kam ko da ƙa'idata ban iya kai shi kwamfuta ba, sai dai hoton.

Kada a ɗauka ina nufin duk abin da ke littafi zinariya ne. Kashi biyu cikin uku dusa ce. Ƙorafi iri ɗaya na yi ta yi shekara da shekaru, alkawarin zan fara tashi da wuri kuwa na ƙirga shi sau goma sha bakwai kafin na gaji da ƙirgawa. Mutumin da ba mai karanta shi ba ya gajiya da jin muryar kansa. Intanet ce ta koya mini cewa akwai wani a ɗaya gefen, kuma yana da abin yi, in ka ja shi da nisa zai tafi. A can na koyi yanke gabatarwa in faɗa cikin magana. A can ne kuma wani dattijo da ban taɓa gani ba ya bi ni da haƙuri yana gyara mini rabon kalmomi: "yana" a haɗe take, "shi ne" a rabe, "ba ta zo ba" kalma huɗu ce. Da farko na ji zafi, wanzami ai ba ya son jarfa, amma da na zo kwafar littattafan na ga shekara goma na yi ina wannan kuskuren ba wanda ya gani balle ya faɗa. Sai dai ita ma intanet ɗin ta bar mini nata tabon. Da na sauko da rubuce-rubucena na waya na karanta su a jere, kusan kowanne da irin jimlar nan yake ƙarewa, mai neman tafi. A littattafan babu wannan. Rubutu yakan tsaya ne kawai don an kira ni, ko don maganar ta ƙare.

Da muka iso littafi na tara na karɓe karatun daga hannun Auta. Ta ce, "Yaya, ko an zo wurin da aka ambace ni ne?" Na ce an zo wurin da aka ambaci kowa. Shekarar da na yi rigima da mutane da yawa ce, sunayensu kuma suna nan ɓaro-ɓaro, da abubuwan da suka gaya mini bisa amana. A kwali ƙarƙashin gado, sai wanda ya shigo ɗakin ya durƙusa zai gani. A fayil kuwa kuskuren dannawa ɗaya ya isa ya kai shi inda ba a so, magana kuma zarar bunu ce. Na yi tunanin in tsallake shi, sai na ga in na fara zaɓen abin da zan tuna, na koma gidan jiya. Na buga shi duka, na kulle fayil ɗin da kalmar sirri, shi kaɗai ne kuma ban ajiye a intanet ba. Duk abin da zai fita waje daga kowane littafi, sai na cire suna da duk alamar da za ta sa a gane mutum. In labarin ba zai tsaya ba sai da alamar, to ba nawa ba ne ni kaɗai, ya zauna a gida.

Maganar ajiya ba ta da daɗin ji, amma ita ce dalilin fara aikin. Na bi shawarar da masu harkar kwamfuta suka daɗe suna bayarwa: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri daban. Nawa ɗaya yana kwamfuta, ɗaya a filashi, ɗaya a ma'ajiyar intanet. Ban yarda in bar abin da na ɗora a dandali ya zama can kaɗai yake ba, domin dandali ma yana mutuwa. GeoCities, inda ɗimbin mutane suka gina shafukansu, an rufe shi a 2009. Google+ ya bi sahu a watan Afrilun 2019. Facebook yana da wurin da za ka nemi a tattaro maka duk abin da ka taɓa ɗorawa ka sauke, na yi hakan na zuba su a jaka guda kusa da littattafan. Su kuma littattafan na raba su da ƙasa, suna kan kanta cikin akwatin roba mai murfi. Wanda ya girme su duka shekararsa goma sha huɗu a lokacin, ya sha ruwa, amma ya buɗu ba tare da caji ko kalmar sirri ba. Wayar da nake riƙe da ita a 2019 kuwa ko kunnuwa ba ta yi.

A ƙarshen Satumba na buga shafi na 1,212. Kwamfuta ta ce kalma dubu ɗari da saba'in da 'yan kai. Na rubuta sunan wani abokina a wurin nema, cikin ƙiftawar ido ta jero mini duk inda na ambace shi cikin shekara goma, daga ranar da muka haɗu har ranar da na daina ambatonsa ba tare da na lura ba. Wannan takarda ba za ta taɓa yi mini ba. Masu littafi tun da can sun san wannan matsalar, shi ya sa masanin falsafar nan na Ingila, John Locke, ya wallafa dabararsa ta yi wa littafin rubutu fihirisa a 1686, inda ake jera batutuwa bisa harafin farko da wasalin da ya biyo baya. Na gwada tasa na ga ta fi ƙarfina. Tawa mai sauƙi ce: in bar shafi biyu a farko, duk abin da na san zan nema in rubuta shi da lambar shafinsa.

Yanzu da biro nake farawa, kwanan wata a sama kafin komai. In na soke kalma layi ɗaya nake ja, yadda za ta karantu. Ranar Asabar nakan buga abin da na rubuta a mako yadda yake, sannan in akwai wanda ya cancanci fita, in kai shi jakar gyara in yi masa aski a can, in bar shi ya kwana biyu kafin in ɗora. A cikin goma da ƙyar ɗaya yake fita. Na sayi sabon littafi girman A5, ɗinkin zare, mai takarda giram 80 don kada tawada ta leƙa baya, amma ban fara shi ba tukuna, saboda na goma sha huɗun nan da ya tsaya rabi. Rubutunsa na ƙarshe a 2019 a tsakiyar jimla ya yanke, ana ganin inda biron ya riƙa shan iska, na yi ta murza shi a gefen shafi bai kawo ba. A fayil na sa ɗigo uku na rubuta cewa tawada ce ta ƙare. A littafin kuma na tsallake shafi ɗaya na bar shi fari, na ci gaba daga na gabansa. Saura shafi goma sha ɗaya ya cika.